Shirin Haziƙai a Kwalejojin Shekara Biyu na Amurka: Me Yake Bayarwa, Wa Yake Samu?

A gidajen 'yan Afirka ta Yamma da ke unguwar Bronx ta birnin New York, ko a Greensboro ta jihar North Carolina inda 'yan Nijar suke da yawa, akwai wani saƙo da kan iso bayan yaro ya yi zango ɗaya ko biyu a kwaleji. Yana ɗauke da tambari mai ruwan zinare da haruffan Girkanci uku. Yana taya ɗalibi murna, yana gayyatarsa shiga wata ƙungiya, daga can ƙasa kuma ya nemi a biya kuɗin rajista. Uba ya dawo daga tuƙin tasi, 'yarsa ta miƙa masa waya ta ce, "Baba, duba abin da aka aiko mini." Ya karanta, ya sake karantawa, ya ɗago kai. "To, sikolashif ne aka ba ki, ko kuwa 'yan damfara ne?" Ba sikolashif ba ne, ba kuma damfara ba ce, kuma kafin a gane ko mene ne sai an warware wasu kalmomi da suka sarƙe.

Ruɗanin ya iso gida Afirka ta Yamma ma. Masu dillancin guraben karatu suna tallata abin da suke kira "biyu da biyu": shekara biyu a kwaleji mai araha, biyu a babbar jami'a, a fito da digiri iri ɗaya da na wanda ya shiga jami'ar tun daga aji ɗaya. Tun watan Yunin 2023 kuma, da Kotun Ƙolin Amurka ta hana jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, hankali ya ƙara komawa kan waɗannan kwalejoji na shekara biyu, waɗanda ake kira kwalejojin al'umma, a matsayin wurin da za a samo 'ya'yan talakawa da 'ya'yan baƙi masu ƙoƙari.

Wace ce kwalejin al'umma?

Kada sunan ya sa a zaci irin sakandaren nan ce da mutanen gari kan yi karo-karo su gina. Makarantar gaba da sakandare ce, galibi ta gwamnatin jiha ko ta ƙaramar hukuma, kuma akwai kimanin dubu ɗaya irinta a Amurka. Jihar Kalifoniya kaɗai tana da 116. Karatunta shekara biyu ne, a ƙarshe a ba da shaidar da ake kira asoshiyet digiri. Babban abin da ya bambanta ta da jami'a shi ne ƙofarta a buɗe take. Duk mai shaidar gama sakandare zai iya shiga, babu makin da sai an kai irin na JAMB. A aji guda za a ga ɗan shekara 18 da uwar 'ya'ya uku da tsohon soja da mutumin da ya sauka ƙasar bara yana koyon Turanci.

Wanda ya san yadda mai ND ko NCE ke neman DE ya shiga aji biyu na jami'a a Najeriya ya kama hanyar fahimta. Bambancin shi ne a Amurka, idan komai ya tafi daidai, aji uku ake shiga. Lissafinsu na kiredit ne, kuma kiredit a nan ba sakamakon WAEC ba ne, nauyin kwas ne. Kwas ɗaya yawanci kiredit 3, asoshiyet kiredit 60, digirin farko 120. Mai 60 ya ci rabin tafiya ke nan.

Kuɗi ne ke jan mutane. A ƙididdigar hukumar College Board ta shekarar karatu ta 2024/2025, matsakaicin kuɗin makaranta a kwalejin al'umma ga ɗan yankin ya kama dala 4,050 a shekara, a jami'ar gwamnati ga ɗan jiha dala 11,610, a jami'a mai zaman kanta sama da dala 43,000.

Kwalejin al'umma ta farko cikin na gwamnati ita ce ta Joliet a jihar Illinois, wadda aka buɗe a 1901 da ɗalibai shida. Ɗaya daga cikin waɗanda suka assasa ta, William Rainey Harper, shugaban Jami'ar Shikago, yana ganin shekara biyun farko na jami'a ci gaban sakandare ne kawai, gara a cire su a bar jami'a da bincike. A 1947 kwamitin da Shugaba Truman ya kafa kan ilimi mai zurfi ya yayata sunan kwalejin al'umma, ya nemi a kai ta kusa da kowa. A shekarun 1960 sai da aka kai ana buɗe kusan guda a kowane mako. Tun asali ke nan tana da fuska biyu: ƙofa ce ga talaka, kuma shinge ne da ke rage wa manyan jami'o'i cunkoso. Duk gardamar da ake yi kan shirin haziƙai daga nan ta samo tushe.

Abu uku da ake cakuɗawa

Kalmar Honors, wadda ake kiran shirin haziƙai da ita a Turanci, ita ce ta jawo ruɗanin, musamman ga wanda ya saba ganin Hons a jikin digirin jami'o'in Najeriya da Gana. Wancan gadon Ingila ne, yana nuna irin digirin da matsayinsa. A kwalejin Amurka kalmar tana iya nufin abu uku da ba su da alaƙa ta dole.

Na farko jerin sunayen da shugaban tsangaya kan fitar a ƙarshen zango na waɗanda suka ci maki mai kyau. Yabo ne, ba a nema, ba a biya, ba ya ƙara aiki.

Na biyu ƙungiya ce, kuma ita ce mai saƙon da ya ruɗa mahaifin can. Sunanta Phi Theta Kappa, an kafa ta a jihar Missouri a 1918, a 1929 ƙungiyar kwalejojin shekara biyu ta amince da ita a matsayin ƙungiyar girmama haziƙansu. Hedikwatarta tana birnin Jackson na jihar Mississippi, tana da rassa sama da dubu. Ana gayyatar ɗalibin da ya kammala aƙalla kiredit 12 da matsakaicin maki, wato GPA, na 3.5 cikin 4.0, ko da yake wasu rassa suna ɗan sassautawa. Kuɗin rajista sau ɗaya ake biya, yawanci yana kewayen dala ɗari idan an haɗa da na reshe. Abin da mamba ke samu shi ne izinin neman tallafin ƙungiyar, da rangwamen da ɗaruruwan jami'o'i suka ware wa mambobinta, da gyale mai ruwan zinare da ake ratayawa ranar yaye ɗalibai. Izinin nema aka ce, ba a ce an bayar ba. Akwai kuma wasu kamfanoni masu suna mai kama da wannan da kan aiko irin saƙon, shi ya sa ake shawartar ɗalibi ya tambayi malamin da ke kula da reshe a kwalejinsa kafin ya tura ko sisi.

Na uku shi ne shirin haziƙai na ainihi, wanda kwalejin kanta ke gudanarwa. Wannan karatu ne. Ana nema a rubuce, ana tantancewa, ana ɗaukar kwasa-kwasai na musamman, sau da yawa biyar ko makamancin haka, kuma sai an riƙe GPA tsakanin 3.25 da 3.5 gwargwadon dokar makaranta. Wanda ya gama, za a rubuta a takardar sakamakonsa. Ɗalibi na iya zama cikin ukun duka, yana kuma iya samun ɗaya kawai.

Wannan tsari ba a kwalejojin talakawa aka haife shi ba. Frank Aydelotte, wanda ya yi karatu a Oxford, shi ya dasa shi a kwalejin Swarthmore a 1922. Bayan Tarayyar Sobiyat ta harba tauraron Sputnik a 1957, fargabar an bar Amurka a baya ta sa jami'o'in gwamnati suka rungume shi, a 1966 aka kafa majalisar ƙasa ta irin waɗannan shirye-shirye. Sai daga baya ya gangaro kwalejojin shekara biyu. Na kwalejin Rockland a jihar New York, wanda aka fara a 1977, yana cikin na farko-farko.

Inda tulun yake yoyo

Don a gane darajar shirin sai an dubi abin da ke samun ɗalibin da ba ya cikinsa. Kimanin kashi 80 cikin 100 na masu shiga kwalejin al'umma suna cewa digiri suke so. Binciken da cibiyar nazarin kwalejojin al'umma ta Jami'ar Columbia ta fitar a 2024 tare da abokan aikinta ya nuna kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke yin taransifa zuwa jami'a, kuma kashi 16 cikin 100 ne ke samun digirin cikin shekara shida. Daga tamanin zuwa sha shida.

Ina sauran suka maƙale? Wasu aiki da hidimar iyali ne suka cinye su. Amma akwai wata asara da ba a cika gani ba. A 2017 ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar dokokin Amurka ya ƙiyasta cewa masu canza makaranta suna rasa kusan kashi 43 cikin 100 na kiredit ɗinsu. Ga yadda abin ke faruwa. Ɗalibi mai son injiniyanci ya ɗauki kwas ɗin lissafi, ya ci A, ya je jami'a a ce masa ba wannan nau'in tsangayar ke buƙata ba. Za a karɓi kwas ɗin a matsayin ciko, amma sai ya sake ɗaukar wani. Ya biya sau biyu, ya ƙara zango, tallafin gwamnati na Pell da yake dogaro da shi kuma yana da iyakar shekaru. Arahar da ta kawo shi ta tafi a nan.

Babu wanda ya yi masa ƙarya, babu kuma wanda ya zaunar da shi ya faɗa masa. A kwalejoji da yawa jami'in ba da shawara guda yana kula da ɗaruruwan ɗalibai, wani wuri sama da dubu. Ɗan da iyayensa suka yi jami'a a Amurka yana da wanda zai tambaya a gida. Ɗan mai tuƙin tasi ko 'yar mai kitso ba su da shi. Tun a 1960 masanin zamantakewa Burton Clark, bayan nazarin wata kwaleji a San Jose, ya bayyana yadda tsarin kan sanyaya wa ɗalibi gwiwa sannu a hankali har ya haƙura da burin digiri, yana ganin shi ne ya gaza.

Shirin haziƙai wannan yoyon yake toshewa. Wahalar karatunsa tana da amfani, amma babbar ribarsa ita ce ɗalibi ya samu wanda ya san sunansa, ya kuma san hanya.

Abin da ke cikin shirin

Ajin yakan kasance ƙarami, mutum ashirin ko ƙasa da haka, a kewaye tebur ana muhawara maimakon malami ya yi ta zuba ana kwafa. Ana karanta asalin rubuce-rubuce, ana rubuta doguwar takardar bincike. Inda ba a samu isassun ɗaliban da za a buɗe wa aji ba, akwai abin da suke kira yarjejeniya: ɗalibi yana cikin aji na kowa da kowa, sai shi da malami su cike takarda shafi ɗaya ko biyu, su rubuta ƙarin aikin da zai yi, sau nawa za su haɗu a ofis, da ranar da zai gabatar da sakamakon, su sa hannu, daraktan shirin ya amince. Wata mai karatun kimiyyar halittu za ta iya ɗebo ruwan rafin da ya bi bayan makaranta tsawon zango tana auna ƙwayoyin cutar da ke ciki. Daga irin wannan zama ne ake samun malamin da zai rubuta wa ɗalibi wasiƙar shaida mai nama, wadda ta wuce "yana zuwa aji a kan lokaci".

Aikin ba ya ƙarewa a aljihun tebur. A Kalifoniya akwai taron shekara-shekara inda ɗaliban waɗannan shirye-shirye ke gabatar da bincikensu a harabar babbar jami'a, a gabashin ƙasar kuma akwai irinsa da ake kira taron Beacon. Kwalejin Montgomery ta jihar Maryland, saboda kusancinta da Washinton, tana tura ɗalibanta sanin makamar aiki a gidajen tarihi na Smithsonian da Laburaren Majalisa. Shirinta na Montgomery Scholars, wanda ya fara a 1999, mutum 25 yake ɗauka a shekara, tare da biya musu kuɗin makaranta. Kwalejin Miami Dade ta Fulorida, ɗaya daga cikin mafi girma a ƙasar, ta buɗe tata tsangayar haziƙan a 2002, ita ma da tallafin kuɗin makaranta da na littattafai.

Sai yarjejeniyoyin taransifa, kuma a nan ya kamata a karanta kowace kalma. Jami'ar UCLA, wato reshen Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, tana da ƙawance da shirye-shiryen haziƙai na kwalejojin Kalifoniya tun 1985. Wanda ya gama shirin ana ba takardarsa fifiko, kuma alƙaluman da kwalejojin ke fitarwa suna nuna rabon samun gurbinsa ya ninka na sauran masu nema fiye da sau biyu. Duk da haka fifiko ne, ba alkawari ba. Alkawarin gurbi wani tsari ne daban da ake kira TAG, wanda rassa shida na Jami'ar Kalifoniya ke bayarwa: Davis, Irvine, Merced, Riverside, Santa Barbara da Santa Cruz. Berkeley da UCLA da San Diego ba sa ciki. TAG kuma ba ya buƙatar mutum ya kasance a shirin haziƙai, maki da kwasa-kwasan da aka gindaya kawai yake nema. Jihohin Fulorida da Virginia suna da nasu irin alkawuran.

A ɓangaren kuɗi, mafi tsoka shi ne tallafin gidauniyar Jack Kent Cooke, wanda kan kai dala 55,000 a shekara har a gama digiri. Yana buƙatar GPA na 3.5 da shaidar ƙarancin kuɗin shigar iyali. Masu nema sun haura dubu, waɗanda ake zaɓa a shekara kuwa ba su cika wuce ɗari ba. Phi Theta Kappa tana zaɓar mutum 20 a duk ƙasar ta ba kowa 'yan dubban daloli, sannan wasu 150 su samu tsakanin dala 1,000 da 1,500 da tallafin gidauniyar Coca-Cola. Waɗannan su ne ake bugawa a jarida. Abin da ya fi isa hannun mafi yawan ɗalibai shi ne rangwamen 'yan dubban daloli da jami'ar da suka koma ke yi musu.

Manyan jami'o'in da ake kwaɗayi fa? Rahoton da gidauniyar Cooke ta fitar a 2019 ya nuna cewa waɗanda suka shiga irin waɗannan jami'o'i daga kwalejin al'umma suna kammalawa daidai da waɗanda suka shigo daga sakandare, ko ma fiye. Amma rahoton ya kuma nuna kashi 5 cikin 100 ne kawai na ɗaliban jami'o'in da suka fi tsauri suka fito ta wannan hanya. Jami'ar Princeton ta rufe ƙofar taransifa tun 1990, da ta sake buɗewa a 2018 mutum 13 ta ɗauka. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Rayuwa a haraba

Wanda ya ga jami'ar Amurka a fim, da koren fili da ɗakunan kwana da filin ƙwallo cike da jama'a, zai sha mamaki. Kwaleji ɗaya cikin huɗu ce, ko ɗan sama da haka, take da wurin kwanan ɗalibai. Kusan kashi biyu cikin uku na ɗaliban ba cikakken lokaci suke karatu ba, matsakaicin shekarunsu kuma yana wajen 27. Wurin ajiye motoci da tashar bas sun fi ko'ina cika. Ana fitowa aji kowa ya kama gabansa, wannan zuwa aikin dare a sito, waccan zuwa ɗauko yaro daga makaranta. Ƙididdigar ma'aikatar ilimi ta 2020 ta nuna kusan kashi 23 cikin 100 na ɗaliban kwalejojin al'umma ba su da tabbacin abinci, shi ya sa makarantu da yawa suke da ɗakin da aka jera shinkafa da taliya da gwangwanaye, ɗalibi ya nuna katinsa ya ɗiba.

A irin wannan wuri, ɗan ɗakin da ake ware wa 'yan shirin haziƙai yana da girman da ba a gani daga waje. Kujeru ne da kwamfutoci kaɗan da na'urar buga takarda da ta ɗumama abinci. Amma nan ne wadda ke da awa biyu tsakanin aji da aji za ta zauna maimakon cikin mota. Nan za ta ji wani yana cewa ranar rufe neman tallafi kaza ta matso, wata ta nuna mata yadda ta rubuta takardar gabatar da kai. Abin da ɗakin kwana ke yi wa ɗan jami'a shi wannan ɗaki ke yi.

Reshen Phi Theta Kappa mai rai yakan zaɓi shugabanni, ya gudanar da bincike na haɗin gwiwa kan wata matsala ta gari, ya yi wa makarantar wani aiki, ya tura wakilai babban taron shekara. Wani reshen kuwa suna ne kawai a takarda. Akwai majalisar ɗalibai da jaridar makaranta da wasanni. Ɗalibai Musulmi, musamman a manyan birane, sukan samu ƙungiyarsu da ɗakin ibada da ake rabawa da mabiya wasu addinai. Matsalar da kan taso ita ce ajin gwaje-gwaje da ya faɗo ranar Juma'a da rana. A nan wata ƙaramar alfarma da shirye-shirye da yawa ke bayarwa take aiki: 'yan shirin suna yin rajistar kwasa-kwasai kafin kowa, don haka su ke fara zaɓar lokaci.

Masu goyon baya da masu suka

Hujjar masu goyon baya ita ce buɗe ƙofa ga kowa ya haɗa da mai ƙoƙari. Yaron da ya cancanci babbar jami'a amma talauci ko takardun zama ko jinyar uwa suka tsare shi a gida, bai kamata a bar shi ba tare da abin da zai motsa ƙwaƙwalwarsa ba. Suna ƙarawa da cewa 'yan shirin suna ɗaukar mafi yawan kwasa-kwasansu tare da kowa, suna ɗaga ajin, malamai kuma suna gwada sababbin dabarun koyarwa a can kafin su yaɗa su.

Masu suka suna cewa kwalejin al'umma ita ce mafi ƙarancin kuɗi a duk tsarin ilimi mai zurfi, ga shi ana ɗibar ƙwararrun malamai da ƙananan azuzuwa ana ba waɗanda da ma za su yi nasara. Suna kuma shakkar alƙaluman. Idan 'yan shirin sun fi kammalawa, shirin ne ya sa, ko kuwa da ma masu kammalawa aka zaɓa? Tambaya ce mai nauyi, domin ba a raba ɗalibai da ƙuri'a wajen shiga.

Akwai inda aka yi ƙuri'ar, sai dai ba a shirin haziƙai ba. A 2007 Jami'ar Birnin New York, wadda ke da kwalejojin al'umma bakwai har da ta Bronx da Hostos, ta fara shirin ASAP ga talakawan ɗalibai, da yawansu masu rauni a lissafi ko Turanci. Ana ba su katin jirgin ƙasa da littattafai da cikon kuɗin makaranta da jami'in shawara mai 'yan ɗalibai kaɗan. Cibiyar bincike ta MDRC ta raba masu nema da ƙuri'a, bayan shekara uku kashi 40 cikin 100 na 'yan shirin sun kammala, na ɗaya rukunin kashi 22. Kowane ɓangare yana jan wannan sakamako gefensa, amma abin da ya nuna a fili shi ne kulawa ta kusa tana aiki ga kowane irin ɗalibi, ba ga haziƙi kaɗai ba.

Suka mafi ƙarfi ta shafi lokaci. Shirye-shiryen da suka fi tsoka, irin na Miami Dade da Montgomery, cikakken lokaci suke buƙata, da rana ake yinsu, kuma sun fi karkata ga sabon fitowa daga sakandare. Mai aikin awa arba'in a mako, ko da A yake ci a komai, ba zai iya zaman muhawara na ƙarfe sha ɗaya na safe ba. Ma'aunin ya zama na sarari kafin ya zama na ƙwaƙwalwa. Kwalejoji da dama sun gane haka, sun buɗe ƙofa ta biyu inda ake shiga da makin kwalejin bayan kiredit 12 ba tare da duba sakamakon sakandare ba, sun ƙara azuzuwan yamma da na intanet, wasu kuma suna biya wa marasa hali kuɗin rajistar ƙungiya.

Wanda zai taso daga gida

Lissafin ɗan ƙasa ko mai takardar zama ta dindindin daban yake da na mai bizar karatu. Dala 4,050 da aka ambata ta ɗan yanki ce. Baƙo yakan biya ninki biyu ko uku, ba shi da rabo a tallafin Pell wanda ƙolinsa ya kai dala 7,395, haka shirye-shiryen karatu kyauta irin na jihohin Tennessee da Massachusetts na mazauna jihar ne. Kafin kwaleji ta ba shi takardar I-20, wadda da ita ake neman bizar karatu, sai ya nuna kuɗin shekara guda, har da na haya da abinci. Bizar karatun, wadda ake kira F-1, tana wajabta masa kiredit 12 a kowane zango, aiki kuma a cikin haraba kawai, awa 20 a mako. Wannan ƙa'ida tana da wata fa'ida da ba a lura da ita: tunda dole ya yi cikakken lokaci, ya cika sharaɗin da ke kayar da 'yan ƙasa da yawa. Yana iya shiga shirin da ƙungiyar, gidauniyar Cooke ma ba ta sharɗanta zama ɗan ƙasa ba, amma wasu rangwamen jami'o'i na 'yan ƙasa ne kaɗai.

Kundin ƙa'idojin ma'aikatar harkokin wajen Amurka ya ce neman kwalejin al'umma shi kaɗai ba dalilin hana biza ba ne. Sai dai ƙofar kanta ta ƙuntata. A shekarar karatu ta 2023/2024 'yan Najeriya sama da 20,000 ne ke karatu a Amurka. A watan Yunin 2025 gwamnatin Trump ta hana 'yan Chadi da Sudan shiga, a watan Disamba ta ƙara Nijar a wannan jeri, ta kuma sa Najeriya a jerin da takunkuminsa ya shafi sababbin bizar karatu. Cibiyoyin EducationUSA na gwamnatin Amurka, masu ba da shawara kan karatu, da ke Abuja da Legas suna ba da bayanin halin da ake ciki kyauta, kuma ya fi dacewa a fara da su kafin a biya dillali. A halin yanzu waɗanda batun ya fi shafa kai tsaye su ne 'ya'yan da suka riga suka zauna a can.

Su kuma abin da ke yawan kuɓuce musu shi ne kalanda. Ana cewa shekara biyu, amma ba haka take a aikace ba. Wadda ta fara a watan Agusta, idan tana son alkawarin TAG, a watan Satumba na shekara mai zuwa za ta nema. Takardar neman Jami'ar Kalifoniya tana rufewa a ƙarshen Nuwamba, ta tallafin Phi Theta Kappa a farkon Disamba, ta Cooke a farkon Janairu. Masu tantancewa za su yanke hukunci ne kan zango biyu ko uku na farko, da malaman da suka san ta a cikin wannan ɗan lokaci. Wadda ta bari sai shekara ta biyu kafin ta shiga ofishin daraktan shirin, za ta tarar kwasa-kwasai biyar ɗin ba za su shiga zangon da ya rage mata ba.